Jini a Kufan Jarma

Ma'u ba ta so tafiyar nan ba. Juma'a ce kaɗai ranar da take samun kanta, ta bar gidan Turawa da ke unguwar Sukra a garin Sabha ta leƙa unguwar Gurda wajen 'yan'uwa Hausawa, a yi kitso, a tuƙa tuwo, a yi hirar gida. Amma tun ranar Laraba uwar ɗakinta Madam Shila ta kama hannunta tana roƙo, wai ba ta son ta zama ita kaɗai mace a cikin mota, ga shi kuma ana buƙatar mai dafa shayi. Ma'u ta dubi gefen wuyan Madam, inda hoda ta kasa rufe shacin yatsu, ta ce to.

Shekarun nan ne da kuɗin fetur ya yi wa Libiya ambaliya. Sabha ta koma kamar gidan tururuwa, nan gini, can kwalta, baƙi daga kowace kusurwa. Mista Garna, mijin Madam, injiniya ne a wani kamfanin Ingila mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Tun a Kaduna Lawal mijin Ma'u yake tuƙa shi, ita kuma take yi musu girki. Da aka yi masa canjin wurin aiki sai ya taho da su ya yi musu takardun zama, don ya ce ba shi da lokacin koya wa sabon kuku yadda yake son ƙwansa. Leburorin kamfani Jan-wuya suke ce masa. A Kaduna mafaɗaci ne, amma da dama-dama. A Sabha da aka hana giya, sai ya koma haɗa tasa a banɗaki da dabino da sukari, wani farin ruwa mai warin kananzir, shi ya ƙarasa lalata shi.

Na ukun Turawan Mista Filif ne, wani siririn malami mai tabarau da ke koyar da Turanci a garin. Shi ya kawo shawarar a je Jarma a ga tsohon birnin wasu mutanen dā da ake kira Garamanta, waɗanda suka mallaki hamadar nan tun kafin zuwan Musulunci. A je da safe, a ci abinci a can, a dawo kafin magariba.

Suka fita da hantsi a Landiroba, Lawal a sitiyari, Garna a gefensa, Madam da Filif a tsakiya, Ma'u a can baya tare da kwandon abinci da jarkar ruwa da ƙaramin murhun gas. Lokacin sanyi ne, iska na da daɗi. Titin ya miƙe yamma cikin kwari, dutse baƙi ƙirin a hagu kamar katanga, tudun rairayi ja a dama, tsakani kuma gonakin dabino da ƙauyuka jefi-jefi. Filif sai zuba yake, yana nuna wasu tsibin ƙasa da suka jeru daga gindin dutse, yana cewa bakin rijiyoyi ne da mutanen dā suka haƙa suka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don su jawo ruwa gona. Madam tana gyaɗa kai. Garna kuwa filas ɗinsa yake ta ɗagawa, kuma duk motar an san ba shayi ba ne a ciki.

Ba su yi rabin hanya ba ya bugi kafaɗar Lawal.

"Tsaya. Tafiyar hawainiya kake yi. Koma nan, ni zan tuƙa."

"Oga, akwai ƙauyuka a gaba, dabbobi na tsallakawa," in ji Lawal.

"Na tambaye ka?"

Lawal ya sauka ya zagaya. Ta madubi ya haɗa ido da matarsa, ta ga ya motsa leɓe yana addu'a.

Mota ta ɗauki gudu har kwanuka na karo da juna a kwando. Da suka kusa Jarma Madam ta ce ya sassauta. Ya ce ta rufe masa baki. Ta sake magana, sai ya juyo gaba ɗaya yana nuna ta da yatsa, hannu ɗaya a sitiyari. Daidai lokacin wani tsoho ya fito daga cikin dabino a kan jaki, da damin ciyawa a gabansa.

"Oga, burki! Burki!"

Ƙarar da Ma'u ta ji kamar an jefo buhun gero daga kan soro. Mota ta yi tsalle ta karkace, goshinta ya bugi ƙarfen taga. Da ta ɗago ta duba ta gilashin baya, sai ga jaki yana jan gindi a kan kwalta da ƙafafun gaba, bayansa ya karye, yana wani irin kuka. Ciyawa ta watse ko'ina. Tsohon yana kwance a gefen titi cikin farar riga, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasuwa. Wasu mata sun fito daga gona da gudu, hannuwa a ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam, mutum ne! Mutum aka buge!" Ma'u ta ƙwala wa mijinta.

Garna bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Lawal ya kai hannu zai kama sitiyari yana cewa a tsaya don girman Allah, Garna ya kai masa gwiwar hannu a baki. Jini ya ɓalle ya ɓata gaban rigarsa.

"Jaki ne kawai," in ji Garna, yana huci. "Tsohon ya miƙe, na gan shi a madubi. Kun san abin da suke yi wa wanda ya tsaya a ƙasar nan? Yanka shi suke."

"Bai miƙe ba," Ma'u ta faɗa da ɗan Turancinta na kicin. Ba wanda ya waiwayo.

Filif ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce to, in sun isa Jarma dole a tsaya wajen 'yan sanda a faɗa. Garna ya ce haka za a yi. Amma da suka isa, ya wuce ofishin kamar bai gan shi ba, ya saki kwalta ya bi wata burji zuwa gindin dutse.

"Yawon buɗe ido muka zo," in ji shi. "Malam, nuna mana duwatsunka."

A can akwai wani gini shi kaɗai a fili, na sassaƙaƙƙen dutse, tsayinsa ya fi na mutum biyu, da ƙawa a kusurwoyinsa. Kewaye da shi har kan gangaren dutse tsibi-tsibin duwatsu ne ba iyaka. Filif ya ce mutanen wurin Kasar Watwat suke kiransa, wato gidan jemage, kuma tun zamanin Rumawa yake tsaye. Tsibin nan kuwa duk kaburbura ne. Yana magana yana duba littafin da ke hannunsa. Ma'u ta ce a ranta, yanzu muka bar mutum kwance a titi, sai kuma mu zo maƙabarta mu yi kallo.

Madam ta zagaya bayan ginin ta yi ta amai. Garna ya bi ta ya finciko ta da gashi, ya tsayar da ita a jikin dutsen, ya miƙa wa Filif kyamara.

"Ɗauke mu. Ke kuma yi murmushi."

Ta kasa. Ya murɗe mata hannu ta baya har ta gantsare, ta buɗe haƙora. Filif ya danna.

Daga nan suka gangara tsohon birnin. Kufai ne babba na jar ƙasa a tsakiyar dabino, gidaje ba rufi, lunguna sun cike da ɓaraguzai, ga ragowar wata ganuwa mai tsawo da hasumiya a tsakiya. Ba kowa, duk mutanen sabon gari sun tafi masallaci. Garna ya tsayar da mota a inuwa, ya zagaya gabanta ya duba. Fitila ɗaya ta fashe, ƙarfen gaba ya lotsa, jini da gashin jaki sun manne a jiki. Ya cillo wa Lawal makulli.

"Wanke wannan tas. Kuma daga nan kai za ka tuƙa."

"Malam, kada ka karɓa," in ji Ma'u da Hausa. "Bar shi a ƙasa. So yake ya rataya maka laifin."

Lawal ya tofar da jini ya sunkuya ya ɗauka. "Ma'u, in ban tuƙa ba shi zai tuƙa, ya ƙara da wani. Bari dai mu koma Sabha lafiya, ni da kaina zan je wajen shurɗa, 'yan sandansu."

Turawa suka shige kufai. Ma'u ta kunna murhu a gindin dabino ta ɗora buta. Tana jiyo muryar Filif daga nesa yana bayanin wani harsashin gini na dutse da aka tono a ƙarƙashin gidajen ƙasa, wai fadar sarakunan dā ce. Can ta hango su sun hau kan ganuwa. Lawal ya durƙusa gaban mota da tsumma da jarka yana dirza, ruwan da ke sauka ƙasa ja-ja.

Ruwan shayi ya fara tafasa kenan ta ji ƙarar mota. Wata a-kori-kura ce ta shigo cikin dabino a guje ta ci burki, ƙura ta turnuƙe. Mutum uku suka diro. Babban cikinsu ƙaton mutum ne mai gemu, gaban jallabiyarsa duk jini, daga baya ta ji sunansa Mabruk, ɗan fari ga tsohon nan da aka buge. Yana riƙe da ƙotar fartanya. Ƙanensa, saurayi mai ƙarfi, da ƙarfen cire taya. Na ukun da igiyar raƙumi a naɗe a hannu.

Ba su tambayi komai ba. Sun ga mota, sun ga fasasshiyar fitila, sun ga mutum yana wanke jini.

Lawal ya miƙe ya ɗaga hannuwa, tsumma na ɗiga. "Assalamu..."

Ƙotar ta same shi a haƙarƙari. Ya lanƙwashe, ƙanen ya sauke masa ƙarfe a gefen fuska. Ma'u ta ji ƙashi ya amsa. Ya faɗi a cikin caɓin da ya yi da ruwan wanki, suka rufe shi, wannan ƙota, wannan ƙafa, wannan igiya, suna kuka suna zagi suna kiran sunan ubansu.

"Mush huwa! Mush huwa!" Ma'u ta yi ta ihu da Larabcinta na kasuwa. "Ba shi ba ne! Nasara ne! Nasara ne ya tuƙa!"

Kamar da iska take. Ta ɗaga kai wajen ganuwa. Garna yana tsaye a can sama, hannuwa a ƙugu, yana kallo. Ta tabbata ya ga komai. Da ya ga ta nuno shi, sai ya durƙusa ya ɓace a bayan ƙasa.

Saurayin ya sake ɗaga ƙarfe da hannu biyu, saitin kan Lawal. Ma'u ba ta san lokacin da ta suri buta daga kan wuta ba. Ta watsa masa tafasasshen ruwan a fuska da wuya. Ya saki ƙarfe ya dafe ido ya kurma ihu yana birgima. Mabruk ya juyo ya kawo mata duka, ta tare da hannun hagu. Ta ji hannun ya yi ƙas kamar busasshen kara, wani zafi ya tsarga mata har ƙwaƙwalwa. Duk da haka ba ta ja da baya ba. Ta faɗa kan mijinta ta rufe kansa da jikinta, igiya ta ci gaba da sauka a gadon bayanta, tana yaga riga tana yaga fata.

"Ma'u, tashi," in ji Lawal a ƙarƙashinta, murya kamar ta mai shaƙe da ruwa. "Tashi, za su kashe ki."

"Sai dai su haɗa mu."

Sai ga Filif ya fito daga kufai da gudu, yana tuntuɓe, yana ɗaga littafinsa sama yana magana da Larabcin makaranta, wai su dakata, wai akwai kuskure. Mai igiya ya tare shi da naushi ɗaya a hanci. Tabarau ya tarwatse, ya zauna daɓas a ƙasa yana lalube. Ya sake miƙewa ya riƙe rigar Mabruk, su biyun suka koma kansa.

A wannan ɗan tsakanin Ma'u ta ji an buɗe ƙofar mota a hankali. Garna ne ya zagayo ta bayan dabino, yana jan Madam da hannu. Ya tura ta ciki, ya laluba wajen makulli, babu. Ya sauko a sunkuye kamar ɓarawon kaji, ya matso inda suke kwance. Ma'u ta ɗauka taimako ya kawo. Sai ta ji hannunsa yana ture cinyarta yana shiga aljihun Lawal.

Wani abu ya taso mata wanda ya fi zafin karaya. Ta cafke wuyan hannunsa da hannunta mai lafiya, ta kafa masa haƙora a tsokar babban yatsa, ta datse har ta ji gishirin jini. Ya yi ƙara ya shiga dukanta a ka da ɗaya hannun, yana zaginta da irin zagin da bai taɓa yi mata ba ko a kicin. Ba ta saki ba. Ya ja, ta biyo shi a ƙasa, karyayyen hannunta na reto.

Mabruk ya saki Filif ya juyo. Ya tsaya yana haki, yana kallon Bature da baƙar mace suna kokawa a kan makulli.

Madam Shila ta sauko daga mota. Fuskarta ta yi fari fat kamar alli, gashi a wargaje. Larabcinta bai wuce na sayen tumatir ba. Ta tako har gaban Mabruk, ta nuna mijinta da yatsa.

"Huwa," in ji ta, wato shi ne. Ta ɗaga hannuwa biyu ta juya su kamar mai riƙe da sitiyari, ta sake nuna shi. "Huwa. Huwa."

Filif ma, da jini a baki, ya ce da Larabci, "Wallahi gaskiya ta faɗa. Direban ya ce a tsaya, shi ya fasa masa baki."

Garna ya fizge hannunsa, ya bar fata a haƙoran Ma'u. Ya kai wa matarsa naushi a ido ta zube a jikin mota, shi kuma ya juya ya ruga cikin kufai.

Mabruk ya dubi Lawal a ƙasa, ya dubi ƙotar da ke hannunsa. Ya yi wata ƙara kamar ta raƙumin da ake yankawa, ya bi bayan Bature. Mai igiya ya rufa masa baya. Har saurayin da aka ƙona ya miƙe, ido ɗaya a rufe, ya ɗauki ƙarfensa ya bi su.

Ma'u ta ja jiki ta ɗora kan mijinta a cinya. Gefen fuskarsa na dama ya lotsa, idon ba ya ganuwa sai kumburi da jini. Yana numfashi da ƙyar, kowane numfashi da ɗan kumfa ja a leɓe. Ta ciro ɗankwalinta ta danna a wurin, tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

Daga inda take tana hango abin da ke faruwa. Garna ya bi lungu ya tarar ɓaraguzai sun toshe shi, ya haura wani gida, ya fito ta wani, su kuwa sun san wurin tun suna yara, suka rarrabu suka tare shi. Da ya rasa hanya sai ya kama tsohuwar matakala ya hau hasumiya. Ya tsaya a can ƙoli yana ɓamɓaro tubali yana jifansu. Ɗaya ya sami mai igiya a kafaɗa ya durƙusar da shi. Ya sunkuya zai ɓamɓaro wani, ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana shan rana ta ce ba ta iya ɗaukarsa. Gefen hasumiyar ya zame gaba ɗaya, ya taho tare da shi cikin ƙura.

Suka jawo shi da ƙafa har fili, ƙafar kuwa ta riga ta karye, yana ihu yana kiran Lawal. Lawal fa, wanda ya bari a ƙasa. Suka sa shi a tsakiya. Ma'u ta ga ƙota tana tashi tana sauka, ta ga jan wuyan nan ya koma launin ƙasa. Ta nemi tausayi a zuciyarta ba ta samu ko ƙwayar gero ba. Sai ma ta ji bakinta yana cewa da Hausa, "Ku ƙara masa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Lawal ya matse yatsunta. "Kul, Ma'u. In ya mutu a nan, mu za a tambaya."

Allah ya sa an sauko daga masallaci. Ihun ya jawo mutanen gari, suka shigo cikin dabino da fararen kayansu na Juma'a. Wani dattijo mai sanda ya ratsa ya tsaya a kan Garna, ya buɗe hannuwa, ya daka wa Mabruk tsawa da sunan ubansa. Mabruk ya saki ƙota ya zauna a ƙasa ya rufe fuska yana kuka kamar yaro. A nan Ma'u ta ji ana faɗa wa juna cewa tsohon ya cika a hanyar asibiti. Ba a jima ba motar 'yan sanda ta iso, aka kwashe su duka, masu duka da waɗanda aka daka, jini na haɗuwa da jini a bayan mota.

A asibitin Sabha aka ɗaure hannun Ma'u da filasta, aka ɗinke mata baya. Lawal kuwa haƙarƙari sun karye, muƙamuƙi ya goce, idon dama likita ya ce sai haƙuri. Kamfani ya turo wani mai kwat ya ce su dai abin da suka sani, direban motar nan Lawal ne, shi aka ɗauka aikin tuƙi. Saboda haka aka ajiye ɗan sanda a bakin gadonsa. Garna kuma aka ce raunukansa sun fi ƙarfin asibitin nan, kamfani ya tsaya masa aka ɗauke shi a jirgi zuwa Tarabulus, daga can aka wuce da shi ƙasarsu neman magani, wai zai dawo a yi shari'a. Bai dawo ba.

Madam Shila ba ta bi jirgin ba. Da baƙin tabo a ido ta je gaban mai bincike ta faɗi komai, Filif yana fassara da toshasshen hanci. Mabruk ma, da aka fito da shi daga tsare, ya rantse cewa matan da ke gona sun ce farin mutum suka gani a sitiyari, shi ne fushi ya hana shi saurare. Da haka aka ɗauke ɗan sanda daga bakin gadon. Madam ta zo sallama ranar da za ta tafi, ta ce gidan 'yar'uwarta za ta, ba gidan miji ba. Ta rungume Ma'u tana kuka tana ba ta haƙuri a kan roƙon da ta yi mata. Ma'u ta bar ta ta gama, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Gidan Sukra aka rufe shi. Rabiatou, wata Bazindiriya mai sayar da tuwo ga leburori a Gurda, ita ta ba su ɗaki a gidanta.

"Ke da hannu guda, shi da ido guda, ina za ku?" in ji ta. "Ku zauna nan. In kin warke kya taya ni dama fura."

A nan suka yi jinya har sanyi ya wuce. Wata safiya aka yi sallama a ƙofa. Mabruk ne da dattijon nan mai sanda da wani limami, sun zo da rago da buhun dabino. Saurayin da aka ƙona ya tsaya a waje jikin mota, fatar kuncinsa da wuyansa ta yi dabbare-dabbare, ya kasa shigowa. Aka shimfiɗa tabarma. Dattijo ya yi dogon jawabi, wani ɗan Agadas da ke haya a gidan yana juyawa da Hausa. Mabruk bai ɗaga kai ba har aka gama, sannan ya ce shi ba shi da bakin magana, ga shi ga Lawal, in ido yake so a cire nasa.

Lawal ya juyo da idonsa mai lafiya ya dube shi. Maganarsa ta koma a hankali tun da muƙamuƙin ya goce.

"In na karɓi idonka, a ina zan sa shi?" in ji shi. "Kai ka rasa uba, ni ina cikin motar da ta kashe shi. Na yafe. Allah ya jiƙan tsoho."

Aka shafa fatiha. Liman ya juyo wajen labulen da Ma'u ke zaune a bayansa ya tambaya ko ita ma ta yafe.

"A gaya masa hannuna na yafe," in ji ta. "Na maigidana kuwa, tunda mai ido ya yafe, ba ni da ta cewa. Amma kada a ce sai na yi murna."

Ɗan Agadas ya juya maganar yadda ya ga za ta fi daɗin ji. Da za su tafi, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Saurayin ya dube ta, ta dube shi. Ya sa hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai, ita ma ta ɗan rusuna, ta koma ciki. Aka yanka rago, Rabiatou ta yi dambu da miya, duk leburorin layin suka ci.

Ba wanda zai ba mai ido ɗaya mota a Sabha, kuma takardun zamansu na kamfani ne. Da Lawal ya iya zama ba tare da ya dafe ƙirji ba, sai suka ɗaure 'yan kayansu suka sami wata babbar mota mai zuwa Agadas da kayan masarufi. Direban, wani Saley mutumin Tanut, ya ji labarinsu tun a tashar Gurda, ya ce dattijo irin Lawal ba zai hau kan kaya ba, su shigo gaba su zauna kusa da shi.

Suka bar gari da sassafe suka miƙi hanyar kudu. Ma'u tana tsakiya, hannunta da ya ɗan ƙandare a kan cinya. Lawal yana jikin taga, sai juyo da kai yake gaba ɗaya don ya ga titi da idon hagu. Da kwalta ta ƙare suka shiga rairayi, injin ya fara nishi. Ta ga ƙafarsa tana danna ƙasan mota, hannunsa na neman abin da babu.

"Ɗan'uwa," in ji shi, "sauko giya ta biyu tun kafin ta nutse."

Saley ya yi dariya ya sauke. Mota ta ja ta haye tudun.

"Malam, ka bar mutum ya yi tuƙinsa," in ji Ma'u.

"Na bari," in ji Lawal. Bai yi nisa ba ya sake miƙa wuya. "Amma ka bi ta hagu, sawun can ya fi tauri."